Martin Beck a Zauren Kawu

Daren Talatar da ta wuce na rufe littafi na goma, wanda shi ne na ƙarshe a jerin labaran Martin Beck, ɗan sanda mai binciken kisan kai a ƙasar Suwidin. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, don haka da fitilar waya na ƙarasa babi uku na ƙarshe, ina zaune kan darduma a falo don kada haske ya tashi uwargida. Da na gama sai na daɗe riƙe da shi ban tashi ba. Shekara shida ke nan ina tare da mutanen cikin littattafan nan. Na san mai ciwon ciki, na san mai jan hanci, na san wanda in ana nemansa a ofis sai a leƙa banɗaki, na san wanda ya rantse ba zai sake rataya bindiga ba.

Na farkon, mai suna Roseanna, a ƙasa na tsince shi, wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a gefen titin Ahmadu Bello, ya shige tsakanin littattafan jarrabawa da wasu masu hoton bindiga a bango. Bangonsa ya yage, takardun sun yi jajawur, akwai hatimin wani ɗakin karatu na Ingila a shafin farko. Naira ɗari uku na ba shi. Sauran taran kuwa sai da na sha wuya, kuma ba a jere suka zo ba. Na huɗu ne ya biyo bayan na farko, na biyu wani tsohon ɗalibina ya samo mini a Zariya, na bakwai ta intanet na saya, wani abokina ya taho mini da shi daga Legas.

Mutum biyu ne suka rubuta su, mace da namiji 'yan ƙasar Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö, dukansu sun yi aikin jarida. Tun kafin su ɗora alƙalami suka yanke cewa littafi goma za su yi, ba ƙari ba ragi, kowanne babi talatin, kuma a ɗauki goman a matsayin labari ɗaya dogo. Na farko ya fito a 1965, na ƙarshe a 1975. Da dare suke rubutu bayan yara sun yi barci, wannan ya ɗauki babi, waccan ta ɗauki na gaba, sannan su yi musaya kowa ya gyara na ɗan'uwansa. Da harshensu suka rubuta, ni fassarar Turanci na karanta, kuma duk iya lurata ban taɓa gane inda hannun ɗaya ya tsaya na ɗayan ya kama ba.

Irin wannan labari ba na gwani ɗaya ba ne mai zama kan kujera ya warware komai da kaifin basira. Ofis ne sukutum ake bi, da masu buga rahoto, da masu ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida, da likitan da ke duba gawa, da shugaban da 'yan jarida suka takura wa shi ma ya takura wa na ƙasa. Kuma a nan ne Kawu ya shigo cikin karatun nawa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ta Kwalejin 'Yan Sanda ta nan Kaduna ya shiga aiki yana kurtu, ya yi kofur, ya yi saje, ya daɗe cikin 'yan sandan ciki, ya cika shekara 35 ya ajiye kaki yana sufeto. Yanzu yana Tudun Wada, idonsa ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarsa. Ranar Asabar bayan la'asar nakan je gaishe shi. Wata Asabar ya ga littafin ya leƙo daga aljihun rigata, ya ce, "Me ake ciki a wannan?" Na ce labarin 'yan sanda ne. Ya kawar da kai, ya ce ya gaji da irinsu, a fim ne kawai ake kama mai laifi kafin shayi ya huce. Na ce, "Kawu, ku dai saurara."

Ga yadda Roseanna ya fara. A watan Yuli, injin yasar laka yana aiki a mashigin ruwan Göta kusa da garin Motala, sai ya ɗebo gawar wata mace tsirara. Ba takarda, ba zobe, ba wanda ya kawo cigiya. Aka turo Martin Beck daga Stokhom, babban birnin ƙasar, ya taimaka wa wani ɗan sandan garin mai suna Ahlberg. Suka yi tambaya, suka buga hotonta, suka bi jerin matan da suka ɓace a ƙasar gaba ɗaya, shiru. Beck ya koma gida hannu rabbana. Daga nan abin da ke faruwa shafi bayan shafi shi ne su biyun suna buga wa juna waya, wannan ya ce akwai labari, wancan ya ce babu. Sai da aka yi wata uku kafin saƙo ya zo daga Amurka cewa ma'aikaciyar ɗakin karatu ce daga garin Lincoln a jihar Nebraska, yawon buɗe ido ta zo, kuma tana cikin wani jirgin ruwa na fasinja da ya ratsa mashigin.

Kawu ya gyara zama. "Wata uku ba su san ko sunanta ba?"

"Wata uku, Kawu."

"To wannan marubucin ya zauna da 'yan sanda. Ci gaba."

Abin da ya fi burge shi shi ne dabarar da suka yi bayan nan. Tun da jirgin na 'yan yawon buɗe ido ne, kowa da kyamara a wuya. Sai suka bi fasinjojin ɗaya bayan ɗaya, da wasiƙa, har ƙasashen da suka koma, suna roƙon a aiko musu da duk hoton da aka ɗauka a tafiyar. Suka baza hotuna a tebur suna neman matar a bayan mutane, a gefen hoto, inda mai ɗauka bai ma san ta shiga ba, don su ga wa ke tsaye kusa da ita. Kawu ya ce wannan shi ne aikin. Ya ce a zamaninsa bincike takalmi ne da biro: ka taka har dunduniya ta cinye, ka dawo ka rubuta, gobe ka sake takawa wajen mutumin da ya ce maka jiya bai ga komai ba, domin wataƙila yau matarsa ce a gida kuma ita ta gani. Fiye da wata shida aka yi kafin a kama mutumin a littafin, Kawu kuwa ya ce sun ma yi sauri.

Daga ranar, duk littafin da na samu sai na kai masa shi da baki, babi uku ko huɗu kowace Asabar. Ya riƙe sunayen fiye da ni. Melander, mai ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa, wanda za a faɗa wa suna ya ce ai an taɓa kama wannan shekara kaza a unguwa kaza, Kawu ya ce kowace caji ofis tana da irinsa, galibi tsohon saje ne mai riƙe da dayari, kuma ran da ya yi ritaya rabin ilimin ofishin ya tafi da shi. Gunvald Larsson, ƙaton nan mai tsadar sutura da saurin hannu, bai kwanta masa ba da farko, ya ce irinsu ne ke ja wa mutane kwiri, wato takardar tuhuma daga manya. Daga baya ya sauko, ya ce in ana harbi shi zai so a gefensa. Kollberg ne nasa. Mutum mai ƙiba, mai son abinci da son matarsa, wanda ya taɓa harbe abokin aiki bisa kuskure, tun daga nan ya daina ɗaukar makami.

Abin da dogon jeri ke iya yi wanda littafi ɗaya ba zai iya ba, shi ne ya bar lokaci ya yi aikinsa a kan mutane. Na karanta bakwai ko takwas cikin jerin Ed McBain na ofishin 'yan sanda mai lamba 87, wanda ya fara a 1956 ya ci gaba har 2005, littafi sama da hamsin a wani birni ƙirƙirarre mai kama da New York. Suna da daɗi, hirarsu kamar kana tsaye a wurin, kuma Sjöwall da Wahlöö da kansu sun fassara wasu daga ciki zuwa harshensu. Amma Carella, jagoran wancan jerin, kusan shekara hamsin yana aiki bai tsufa ba. Beck kuwa a gabanka yake furfura. Ka same shi cikin aure mai sanyi, yana dawowa gida ya shige ɗaki yana harhaɗa 'yan ƙananan jiragen ruwa na katako don kada a yi magana. 'Yarsa Ingrid tana ƙarama a farko, ka ga ta girma ta bar gida. Auren ya mutu a tsakiyar jerin. An ƙara masa girma ya zama shugaban sashen binciken kisan kai na ƙasa, bai ji daɗin kujerar ba. An harbe shi a ƙirji a na bakwai, ya dawo a na takwas bayan doguwar jinya yana tafiya a hankali.

Har masu laifin ma lokaci bai ƙyale su ba. Mutumin da aka kama a littafi na farko, a na tara ya gama zaman kurkuku, ya koma wani ƙauye a kudancin ƙasar yana zaman kansa. Sai wata maƙwabciyarsa ta ɓace. Nan take kowa ya nuna shi, 'yan jarida, mutanen gari, manyan ofis. Beck, wanda shi ya ɗaure shi shekaru tara baya, shi ne aka turo, kuma shi ne zuciyarsa ta ƙi amincewa. Wanda bai karanta na farko ba zai ga labari ne kawai. Wanda ya karanta zai ji nauyin zaman da mutanen biyu suka yi suna kallon juna a karo na biyu. Kawu ya ce ya sha haɗuwa da waɗanda ya kai kotu, a kasuwa, a masallacin Juma'a, wani ya gaishe shi wani ya tsallake titi.

Na huɗu, The Laughing Policeman, shi ne ya fi suna, shi ya ci kyautar Edgar, wadda ake bai wa labaran laifi a Amurka, a 1971. Daren ruwan sama a Nuwamba, 'yan sanda sun tattaru wajen ofishin jakadancin Amurka suna fama da masu zanga-zangar yaƙin Biyetnam, sai wani ya buɗe wuta cikin bas mai hawa biyu, mutum tara suka mutu, cikinsu har da ƙaramin jami'in sashen Beck, wanda ba wanda ya san me ya kai shi motar. Ginin labarin ba shi da makusa. In za ka karanta ɗaya tak, shi ne. Amma ni ba shi ne ya fi zauna mini a rai ba.

Na bakwai ne, The Abominable Man, wanda ya fito a 1971. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya tsallake sakin layi biyu masu zuwa.

An kashe wani babban jami'in ɗan sanda a ɗakinsa na asibiti, kisan wulaƙanci da wuƙar bakin bindiga. Ana fara tono sai aka ga mutumin ya shekara da shekaru yana dukan waɗanda aka tsare, yana koya wa yaransa duka, kuma koke-koken da aka rubuta a kansa suna nan jibge a fayil, ba ɗaya da aka yi aiki da shi, domin duk lokacin da aka tambaya abokan aikinsa sai su shaide shi. Cikin masu koken akwai wani ɗan sanda. Matarsa mai ciwon suga ce, ciwon ya buge ta a titi, aka ɗauka maye ne, aka jefa ta bayan kanta ba a kira likita ba, ta mutu a can. Mijin ya yi ta rubuta takarda shekara bayan shekara, ta hanyar da doka ta ce a bi, ba amsa. Ranar da labarin ya faru, kuma duka cikin ƙasa da kwana ɗaya ya faru, ya hau rufin wani dogon bene a tsakiyar Stokhom da bindigogi yana harbin duk mai kaki.

Da na kai nan Kawu bai ce komai ba. Ya kashe rediyon da ke ƙara ƙasa-ƙasa a gefensa, ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Mutumin da ke bayan kanta amana ne. Ba shi da ƙafa, ba shi da baki, kai ne ƙafarsa kai ne bakinsa." Ya ce an koya musu a leƙa tsararru lokaci-lokaci a rubuta a dayari, kuma ya ga inda ake rubutawa ba a leƙa ba. Ya ce abin da ya fi ƙarfi a bariki shi ne rufa wa juna asiri, yana da ranarsa in an shiga haɗari, amma shi ne kuma ke ɓoye mugu har ya kai ga fansho. Ban taɓa jin ya yi magana haka a kan aikinsa ba, ni da na tashi ina ganin hotonsa da kaki rataye a falon kakata. Littafin bai wanke mai harbin ba, waɗanda ya kashe wasunsu ba su san hawa ba su san sauka ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ka zauna ka karanta takardun koken ɗaya bayan ɗaya tare da jami'in da aka sa ya tono su, har ka ji inda haƙurin mutum ya tsinke.

Akwai abin da ya sa marubutan suka matsa a wannan wuri. A 1965, shekarar da littafin farko ya fito, aka karɓe 'yan sandan Suwidin daga hannun garuruwa aka mayar da su rundunar ƙasa guda ɗaya. Su biyun suna ganin daga nan aikin ya fara nisa da jama'a, motoci da makamai suka ƙaru, ɗan sandan da ya san unguwa da ƙafa ya ragu. Kawu ya ce ai mu ma an yi haka. Bayan zuwan mulkin soja a 1966 aka shiga haɗe 'yan doka na En'e da 'yan sandan tarayya, kuma ya tarar da tsofaffin 'yan dokan a aiki, wasu ba su iya rubuta rahoto ba amma sun san kowane gida da wanda ya haifi mai shi. Bai ce wancan zamanin ya fi ba, ya ce 'yan doka ma sun yi nasu zaluncin da kulki. Muka daɗe ranar a kan maganar 'yan sandan jihohi da ake ta yi yanzu, har aka kira magariba.

Ba duka goman ne suka yi mini daidai ba. Marubutan masu ra'ayin gurguzu ne, ba su ɓoye ba, kuma niyyarsu tun farko su yi amfani da labarin laifi su fede ƙasarsu da duniya ke yabo. A littattafan farko ra'ayin yana cikin labari kamar gishiri a miya. Daga na takwas zuwa na goma gishirin ya yi yawa. Sai a tsayar da bincike a yi shafi guda ana faɗa kan tsadar kaya da lalacewar birni da wautar manya, manyan kuma aka mayar da su sakarkaru ƙarara, abin da ya rage musu haɗari a idon mai karatu, alhali a na bakwai an nuna mana cewa mugun shugaba wayo gare shi. Na biyu, wanda ya kai Beck birnin Budafes neman ɗan jaridar da ya ɓace, ya yi mini sanyi, don an raba shi da mutanensa. Sannan mai karatu na nan gida ya sani rayuwarsu ba irin tamu ba ce, akwai shan giya da zaman da ba aure da wuraren da aka bayyana abin da mu muke sakayawa. Ba littattafan da zan miƙa wa 'yan aji uku ba ne.

Duk da haka na goman ya taɓa ni, don an san Wahlöö yana jinya suka rubuta shi, kuma ya rasu a Yunin 1975 kafin ya fito. Sjöwall ta rayu har 2020, ba ta ƙara ko littafi ɗaya a kan goman ba. Kollberg kuma ya riga ya ajiye aiki a na tara, da doguwar wasiƙa mai bayyana cewa ba zai iya ci gaba da zama cikin rundunar da ta koma haka ba. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce, "Allah sarki. Shi yana da inda zai koma." Shi da 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu na bariki, ya ce ko tunanin haka bai taɓa samun sarari ya yi ba.

Ina karantawa ina ta raya irin wannan jeri da Hausa, a garin nan. A ɗauki saje ɗaya da sufeto ɗaya a bi su shekara ashirin, daga lokacin da jiniyar masaƙun Kakuri ke tashin mutane da asuba har zuwa rufe su a shekarun 2000, a ga me ya faru da 'ya'yan ma'aikatan. A shiga Panteka neman injin da aka sace aka wargaza, a shiga Kasuwar Barci, a bi mai babur daga Kawo zuwa Rigasa, a tsaya kan gadar da ta raba garin biyu. Marubutanmu sun iya hira, sun iya gida da kishi da gado. Caji ofis ce har yanzu ban ga an zauna a cikinta an daɗe ba, a ji warin ta, a ji yadda ake cinikin beli a ƙofa da yadda mai gabatar da ƙara ke neman fayil a rasa.

Asabar ɗin nan na je na ƙarasa wa Kawu na goma. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi abin da ya sami kowa, har Ahlberg na Motala da aka baro tun littafin farko. Sannan ya kira jikarsa ya ce ta ɗauko masa jakar fata da ke ƙarƙashin gado. Ya lalubo wani ɗan littafin aljihu mai baƙin bango, roba ta ɗaure shi, ya miƙo mini ya ce in buɗe wajen da aka naɗe kusurwa, shi ba ya gani. Rubutunsa ne da shuɗin biro, ya kusa gogewa: namiji, kimanin shekara talatin, an tsamo shi daga kogin Kaduna da damina, riga mai ruwan ƙasa, tabon ƙuna a hannun hagu, mabuɗi biyu a zare a wuya. Ƙarƙashinsa jerin unguwanni ne da tashoshin mota, kowanne an ja masa layi.

"Kun gano ko wane ne, Kawu?"

Ya girgiza kai. Ya ce wata huɗu yana yawo da hoton, sai aka yi masa canjin wurin aiki. Ya karɓi littafin ya mayar da robar, ya ce in na zo mako mai zuwa in taho da na farkon, in sake karanta masa wajen da aka samo sunan matar.